Na Sauka Kan Tabarma, Nana Hafsat

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a tattara mu gaba ɗaya. Ranar Laraba da hantsi, sha uku ga watan Agusta na shekarar dubu biyu da ashirin da biyar, Allah ya karɓi ran Malama Nana Hafsat, likitar gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, matar Malam Usaid na Muchia a Sabon Gari. Wajen haihuwa ta rasu. Jaririyar tana raye. Kwanan watan faɗa mani aka yi. Ni abin da na sani, muna cikin Safar, kuma ranar da yayyafi aka tashi.

Ni ce Zubaidatu ta Samaru, wadda 'yan jami'a ke ce ma Inna mai tuwo, ko da yake na daɗe da sauke tukunya. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Abokan aikin marigayiya ne suka aiko, wai suna tara takardu daga mutanen da ta duba, za su ɗinke su wuri ɗaya su ba iyalinta. Ni kuwa takarda tsoro take ba ni tun ina yarinya. Maƙwabciyata Winifred, tsohuwar malamar firamare, ta ce in yi magana kawai, ita za ta rubuta. Ilham, matar ɗana Jafaru, tana zaune nan gefe, in na tsallake wani abu ta tuna mani. Na ce masu kada a gyara mani magana ta koma ta rediyo. Yadda na faɗa, haka nake so Hajiya, mahaifiyar Nana, ta ji.

To Nana, da ke zan yi, don ban iya magana a kanki kamar ba ki nan ba.

Kin san yadda abin ya same ni, amma masu karantawa ba su sani ba. Saura kwana kaɗan a kama azumin bara, ba wannan da ya wuce ba. Jafaru yana shagon ɗinkinsa, Ilham ta tafi suna Zabi, yara suna makaranta. Na duƙa zan baza barkono a tsakar gida, sai na ji ƙafar hagu ta tafi ta bar ni. Na faɗi a kan ɓarin nan. Na yi yunƙuri, babu. Na sake, babu. Ina jin keke Napep na wucewa a bayan katanga, ina jin 'yan makaranta na ta surutunsu da Turanci, na buɗe baki in yi kira, muryar ba ta wuce haɓata ba. Tun hantsi har aka kira azahar ina nan kwance, rana na dukana, kumatuna a kan ƙasa, ina kallon tururuwa na bin hannuna ban ji tafiyarsu ba. Winifred ce ta shigo aron rariya ta same ni.

A asibiti aka ce hawan jini ne ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Mako biyu aka sallame ni. Amma abin da na taho da shi gida wanda babu likitan da ya gani shi ne tsoron ƙasa. A raina na riga na yanke cewa ƙasa ta riƙe ni sau ɗaya ta sake ni, in na sake komawa, ba za ta sake ni ba sai dai a tona.

A gida kuma ƙauna ce ta kusa ƙarasa ni. Ban faɗi haka don in ci fuskar kowa ba, Allah ya yi masu albarka. Jafaru ya hana ni ɗaga ko tsinke. Ilham ke ba ni koko a baki, ita ke ɗaura mani zani, ita ke juya ni. In za a tada ni, hannun nan da ya mutu ake kamawa a ja, har kafaɗar ta saki, tana ciwo kamar ana zare ta. Masu zuwa dubiya kowa da maganinsa. Wannan ta ce iska ce ta shafe ni, a yi turare. Wancan ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Wata ta ce a gasa ƙafar da ruwan zafi, aka gasa, ƙafar da ba ta jin zafi, sai da fata ta tashi sannan aka gane. Wata biyu a haka, yatsuna suka dunƙule, ko da ƙarfi ba su buɗuwa.

Akwai kuma wanda ban taɓa faɗa ma kowa ba sai ke. Winifred, rubuta, na tsufa da jin kunyar wannan. Hannun hagu ne ya tafi, kuma kowa ya san aikin hannun hagu. Matar ɗana ce ke kai ni banɗaki, ita ke yi mani tsarki. Yarinyar ba ta taɓa ɓata fuska ba, amma ni duk shiga ɗaya sai in ji da ma ranar nan ban tashi ba. Sai na rage ci, na rage shan ruwa, don kada a riƙa kai ni. Suka ɗauka ciwon ne ya hana ni.

Winifred ta taɓa yin ciwon baya mai sauka har diddige, wanda ya hana ta zuwa coci wata uku, ke kika duba ta. Ita ta ce ma Jafaru a kira ki.

Ranar Asabar kika zo. Na ga mace 'yar siririya da hijabi ruwan toka da jaka a kafaɗa, na ce a raina wannan me za ta iya da tsohuwa mai nauyin buhu. Aka kawo maki kujera kika ƙi, kika zauna a ƙasa gaban gadona, kika gaishe ni kamar jikata. Ba ki taɓa ni ba tukuna, kallo kawai kike yi. Ilham ta shigo da koko, ta ɗebo a ludayi ta nufo bakina.

Kika ce, "Ilham, dakata. Inna, hannunki na dama me ya same shi?"

Na ce, "Babu komi."

"To wa ya sallame shi daga aiki?"

Jafaru yana tsaye bakin ƙofa, ya ce, "Likita, uwata ce fa. Muna raye ba za ta wahala ba."

Kika ce, "Na sani, Malam Jafaru. Ku kun yi naku har ya yi yawa. Yanzu saura nata."

Ranar kika kafa doka a gidan nan. Mai taimako ya tsaya a gefena na hagu, kusa, amma ya goya hannuwansa a baya. Kada a taɓa ni sai in faɗuwa zan yi. Kada a sake jan hannun nan. Kada a sake sa mani ruwan zafi. Kada a fasa maganin hawan jini ko na kwana ɗaya, a kuma rage gishiri da dunƙule a miya. Jafaru ya fita bai yi sallama ba. Ni kuwa na tsane ki, gaskiya zan faɗa. Da kika tafi na ce ma Winifred ta kawo mani marar tausayi.

Amma kafin ki tafi kin sa kowa ya fita, kika matso kika riƙe fatar hannuna kika saki, kika dubi leɓena. Kika ce a hankali, "Inna, ba ki shan ruwa. Don banɗaki ne ko?" Na juya fuska bango. Kika ce, "To da shi za mu fara." Kuma ba ki faɗa ma kowa ba.

Ni dai ban san abin da aka koya maku a makaranta ba, amma na san ke da kayan gidana kika yi mani aiki. Kin fara da miƙar da yatsun ɗaya ɗaya, kina ce mani in dube su, in kira su a zuciyata su buɗe. Kika sa in dafa tafin a kan gado in jingina nauyina a kai. Daga nan buta, babu ruwa. Sai ruwa kaɗan a gindi. Sai rabi. Kika zuba wake a faifai kika haɗa da tsakuwa, kika ce in tsince da hagu. Rana ɗaya na yi ina fama da tsakuwa bakwai. Matse tsumma, murza carbi, ɗaura kallabi. Tashi daga bakin gado sau goma, hanci ya wuce yatsun ƙafa sannan a miƙe. In na gaji na fara mita sai ki ce, "Haba ƙawata, ke da kika tuƙa tuwon mutum ɗari a rana, wake ne zai kada ki?" Tun daga nan na koma ƙawarki.

Wadda ta sha wuyar dokarki Ilham ce. Mata su shigo dubiya su same ta tsaye ta goya hannu, ni kuma ina kokawa da bakin zani, gumi na zuba. Magana ta zaga unguwa, wai Jafaru ya auro wadda ke tsayawa kallon uwarsa tana wahala. Har babbar 'yata ta taso daga Zabi da faɗa a bakinta. Ta same ki a gidan. Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Yaya, ni na hana ta. In akwai zagi, nawa ne, ki ba ni nan in tafi da shi Muchia." Sannan kika ce mani in ɗauki kofi in sha ruwa da hannu biyu. Na ɗauka, na sha, rabi ya zube a ƙirjina. 'Yata ta zauna a bakin gado, ba ta sake tada maganar ba. Ilham, kada ki sunkuyar da kai, gaskiya ce. Goya hannun nan da kika yi ya fi duk kokon da kika ba ni wuya, na sani.

Wata biyar da fara zuwanki na shiga banɗaki ni kaɗai, da sandata mai ƙafa huɗu, na ja ƙofa na rufe. Na fito na sami Ilham tsaye a bakin ƙofar tana hawaye. Da kika zo Asabar, buta kawai na ɗaga maki da hagu, cike da ruwa. Kika yi dariya har kika dafa bango. Ranar na sha ruwa kofi uku a gabanki.

Da na fara takawa kika ce in riƙa zuwa wurin aikinku duk Talata. Can ne na gane ba ni kaɗai gare ki ba, har na ɗan ji kishi. Ɗaki ne babba, da sandunan ƙarfe biyu da ake tafiya a tsakaninsu, da madubi mai tsawon mutum. Na ga direban tirela, ƙato, wanda wuyansa ya ƙage ba ya iya waiwaye, kina juya mashi kai a hankali yana ce maki ranki ya daɗe. Na ga wata amarya da bakinta ya karkace gefe ɗaya, idonta ba ya rufuwa, ta rufe fuska da mayafi ba ta son kowa ya gani. Kika zaunar da ita gaban madubi kina koya mata hura iska da ɗaga gira. Bayan wata biyu na gan ta tana taunar cingam tana waya. Na ga jariri da aka haifa hannunsa ɗaya na lilo, wai jijiya ce ta jawu wajen haihuwa, kina koya ma uwar yadda za ta riƙa motsa mashi duk sanda ta sauya mashi ƙunzugu. Na ga wani Inyamuri mai shagon taya a Sabon Gari da ya karye a cinya, kina yi mashi faɗa da Turancin kasuwa yana dariya yana ɗaga ƙafa. Kowa da harshen da kike mashi magana, kowa kuma kin san sunan ƙauyensu.

Ranar da za a sa mani na'urar nan mai tsikarar jijiya a ƙafa, na ga waya na ga lantarki, na ce wallahi ba da ni ba. Ba ki ce mani tsoron banza nake ba. Kika naɗe hannun rigarki kika manna ta a naki hannun, kika kunna, muka zauna muna kallon yatsunki na motsi su kaɗai. Kika ce, "Kamar cinnaka ne, amma marar mugunta." Sannan na miƙa ƙafa. Haka kike. Ba ki taɓa sa ni yin abin da ba ki fara yi a gabana ba.

Duk wannan lokaci a kan kujera nake salla. Na tambayi malamai sun ce ta yi, ke ma kin ce ta yi, kuma na yarda. Amma shekara sittin da wani abu goshina na taɓa ƙasa sau da yawa a rana, sai ga shi ina sunkuyawa a iska kamar mai gyangyaɗi. Wata rana kika tambaye ni, "Ƙawata, yanzu kin ci da kanki, kin yi wanka da kanki, kin je har bakin titi. Me ya rage da kike so?" Na ce, "Sujada. Ba na so in koma ga Allah rabona da ita tun ranar barkono." Kika ɗauko katina kika rubuta a can sama, kika nuna mani rubutun ko da yake kin san ban iya karantawa ba. Da kika sake zuwa kika ce kin tambayi likitan hawan jinina ya ce babu laifi.

To ga abin da nake so, ga kuma abin da nake tsoro, duk a wuri ɗaya suke.

Kika ce ba a faɗa ma ƙasa gaba ɗaya, sauka ake yi kamar matakala. Muka fara da bakin gado. Da na iya, kika kifa turmi, in zauna in tashi. Wata guda muna kan turmi. Daga nan kujera 'yar tsugunno. Wannan ta ci mu wata biyu, gwiwa na ƙara, ni ina salati. Kika koya mani yadda ake yi daki daki: a dafa abu mai nauyi wanda ba ya zamewa, ba kujerar roba ba, a sauke gwiwar hagu, a bi da ta dama, a zauna ta gefen mai lafiya. In za a tashi, a juyo a kan gwiwa da hannu, a dafa, a kafa ƙafar dama a gaba, a tura. Na haddace shi kamar Fatiha. A baki babu inda nake kuskure.

Lokacin cikinki ya tsufa. Kina shigowa kina haki, ƙafafunki sun kumbura sun cika silifa. Na ce ki zauna gida, kika ce, "Sai na ga goshin nan a ƙasa zan tafi hutu. Kada ki sa in haihu a tsakar gidanku." Kuma da wannan cikin kike sauka kan tabarma ki tashi, ki sauka ki tashi, don in gani. Asabar ta farko da na gwada sauka ƙasa na kai gwiwa ɗaya, na hango ƙasa kusa da fuskata, sai na ji warin barkonon nan a hancina. Na ce a tada ni. Asabar ta biyu ko gwiwar ban kai ba.

Asabar ta uku ita ce nake so a rubuta da kyau, don ita ke cina. Na ji tsayuwar Napep ɗin da ya kawo ki a ƙofar gida, na haye gado na ja zani na rufe har kai, na ce ma Ilham ta ce na sha magani barci ya ɗauke ni. Yarinyar ba ta iya ƙarya ba, amma ta faɗa. Na ji kin zauna a kan turmin nan a bakin ƙofata, kin daɗe kina maida numfashi. Tun daga Muchia kika taho, da cikin wata tara, a kan hanyar nan mai ramuka. Can kika ce ta bayan labule, "Ƙawata, mai barci dai ba ya karkaɗa babban yatsa. Amma na ji daɗi, na hagu ne ke motsi." Na yi lamo. Kika ce, "Ba komi. Ki huta. Tabarma ba ta gudu." Kika yi ma Ilham sallama kika tafi.

Muryarki ta ƙarshe da na ji ke nan, kuma ban amsa ba.

Ranar Laraba da azahar Jafaru ya dawo daga shago ba lokacin dawowarsa ba. Ya tsuguna a gabana ya cire hula. Shi da ya fita bai yi maki sallama ba ranar farko, shi ne ya kasa faɗin sunanki sai da ya yi sau uku. Ya samu jana'iza. Ya ce bai taɓa ganin masu sanduna da masu keken guragu da yawa a bayan gawa ɗaya kamar ranar ba.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Ina ta cewa da na sani, da na buɗe zanin nan ko gaisawa mu yi. Ranar Juma'a, sadakar uku, na ce a kai ni. Jafaru ya ce hanya ba kyau, an yi ruwa. Na ce ita da ciki ta biyo ta. Muka shiga keke ni da Ilham, muka bi ta Kwangila har Muchia, ina riƙe da ƙarfe ina salati duk ramin da muka faɗa.

Malam Usaid na waje cikin maza a ƙarƙashin rumfa, na yi mashi gaisuwa daga nesa. Cikin gida kuwa mata ne maƙil, kowa a kan tabarma. Hajiyarki na zaune a baranda ta jingina da bango, carbi a hannu. Da aka ga sandata sai aka ruga aka kawo mani kujera, aka dasa ta a tsakiyar mutane. Na zauna. Sai ga ni a sama, uwar mamaciya a ƙasa, ina miƙa mata gaisuwa daga bisa kamar wata hakima. Ban taɓa jin kujera ta yi mani zafi kamar ranar ba.

Na ce, "Hajiya, ya haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya." Ta dube ni, ta dubi sandar, ta dubi hannuna. "Daga ina?"

Ilham ta ce, "Daga Samaru, Hajiya."

Sai ta ɗan gyara zama. "Ke ce mai barcin ƙarya?"

Na ji kamar in nutse. Na ce, "Ni ce, Hajiya. Ki yafe mani, na wahalar maki da 'ya."

Ta ce, "Wace wahala? Ranar nan ta biyo ta wurina tana ba ni labari tana dariya har tana riƙe ciki. Ta ce, Hajiya, tsohuwar nan ta riga ta iya tun wata guda da ya wuce, ƙafarta ta iya, hannunta ya iya, ita kaɗai ce ba a faɗa mawa ba."

Ta faɗi haka ta koma jan carbinta. Ni kuwa maganar ta tsaya mani a ƙirji. Ba ki taɓa yi mani ƙarya ba, Nana, ko ta lallashi. In kin ce yatsa zai buɗe, yana buɗewa. In kin ce wannan ba zai dawo kamar da ba, ba ya dawowa. To in kin ce na iya, a bayan idona, inda babu dalilin lallashi, ai na iya ke nan.

Ana haka aka kira la'asar. Da alwalata. Mata suka fara gyara tabarmi. A gefen baranda akwai buhun gero da wani ya kawo na sadaka, cikakke, an jingina shi da bango. Na miƙe na taka zuwa wurinsa, na ba Ilham sanda. Ta dube ni, na dube ta. Ta koma gefena na hagu.

Tsoron bai tafi ba, kada wani ya ce ya tafi.  Na dafa buhun. Na sauke gwiwar hagu. Na ga siminti na tahowa, na rufe ido, na bi da ta dama. Na zauna ta gefe. Da na buɗe ido sai ga ni daidai da kowa, fuskata daidai da ta Hajiya.

A zaune na yi sallar. Da aka zo sujada na ɗauki hannun hagu da na dama na ajiye shi a wurinsa, na sunkuya, na sunkuya, har goshina ya taɓa tabarma. Sanyi gare ta, da ɗan danshin damina. Shekara ɗaya da wata biyar. Abin da na faɗa a wurin tsakanina da Ubangijina ne, amma sunanki na ciki tun daga farko har ƙarshe.

Saura tashi. Da na sallame na juyo a kan gwiwa, sai mata suka taso mani, wannan ta nufi hammata, wannan ta nufi hannun hagun. Ilham ta shiga tsakani ta ce, "Don Allah kada a taɓa ta." Wata dattijuwa ta ce, "Ke wace irin suruka ce? Tsohuwa na rarrafe kina tsaye?" Hajiya ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Ku ba ta wuri. Aikin Nana ne, ku bari a gama shi."

Aka ja baya. Har masu dakan gumba suka tsaya. Na rarrafa taku biyu na kama buhun. Na kafa ƙafar dama. Na tura, na dawo. Na ji ƙasar nan tana ja na kamar ranar farko, na ce a raina to yau ko ni ko ke. Na sake kafa ƙafa, na kai hanci gaba, na tura da duk abin da Allah ya bar mani. Sai na ji ni a tsaye. Ilham ta miƙo mani sanda.

Babu wanda ya yi guɗa, gidan makoki ne. Hajiya ce kawai ta sa bakin mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka. Da za mu tafi ta sa aka fito da jaririyar aka nuna mani. Goshinki ne sak.

Yau kwana tara da rasuwarki. Kullum ina sauka, azahar da la'asar, sauran ukun a kujera, don gwiwa ba ta yarda da biyar ba tukuna. Kowace sauka da tsoronta. Abokan aikinki sun ce za su ba ni wata a madadinki, zan je, ba zan ɓoye a zani ba. Ga masu irin ciwona da za a karanta masu wannan, da masu jinyarsu: ku je wurin masu gashin nan da wuri, kada ku tsaya sai hannu ya dunƙule, kuma in sun ce ku goya hannu, ku goya, ba rashin tarbiyya ba ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Usaid, Allah ya ba shi juriya, ya dafa mashi wajen riƙon marayu. Ga Hajiya, wadda ta haifi wannan baiwar Allah ta kuma yi mata tarbiyya, Allah ya sanyaya mata zuciya, ya sa ta gan ta a inda babu rabuwa. Ga ɗanta Suhail da ƙanwarsa da ba ta san fuskar uwa ba, Allah ya raya su, ya sa a ba su labarin ko wace ce ta haife su. Ga abokan aikinta da duk wanda ta taɓa miƙar ma gaɓa, daga Samaru har Sabon Gari, Musulmi da Kirista, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Winifred ta ce a sa da nata, ta ajiye biro tana share ido.

Ke kuma Nana Hafsat, Allah ya jiƙan ki, ya gafarta maki, ya karɓi shahadarki, ya yalwata makwancinki ya haskaka shi. Yadda kika tada bayinsa daga kwance, Allah ya tashe ki cikin waɗanda ya yarda da su. Ni ba ni da abin ba ki, ƙawata. Amma na roƙe shi, duk sujadar da goshin nan zai yi daga yanzu har ranar da za a sauke ni saukar da ba ni zan tashi da kaina ba, ya rubuta maki rabonki a ciki. Amin.